Aikin wanke ordinatocin zaurenmu a Tawa

Asabar, 8 ga Nuwamba 2025

To jama'a kayan da Yaya ya aiko daga Abijan sun iso Tawa lafiya, ordinater uku na tebur da portabul guda, duka okaziyo ne irin na biro da Turawa suka gama yayinsu. Niyyarsa a jera su a zauren gidanmu ƴan lise da ƴan jami'a na unguwa su riƙa zuwa suna buga eksipoze da memuwar kyauta, tunda kuɗin bugu shafi-shafi a sakatariya yana cinye musu ɗan abin da ke aljihu. Ni aka ɗora ma gyaran don wai ni ne mai ilimin na'ura na gidan, shi ne na ce bari in riƙa rubuta inda aka kwana ko wani zai amfana.

Na tebur ɗin duka iri ɗaya ne, Core i5-6500, disk dir na giga 500 irin mai juyawa, biyu suna da RAM giga 4 ɗaya tana da 8. Portabul i5-8250U ce, giga 8, SSD na 256, wato disk mai sauri wanda ba ya juyawa. Na manna musu lamba 1, 2, 3 da sikoc.

Da na kunna lamba 1 na tafi na ɗora shayi na dawo ba ta gama tashi ba. Wanda ya sayar ya cika ta kamar motar kasuwa ranar Lahadi, kaya har kan rufi, antibirus biyu suna faɗa da juna, wani lojisiyel mai cewa wai zai sabunta direbobi in an biya shi dala, wani mai cewa ya gano matsaloli ɗaruruwa a danna nan, burawza huɗu kowace da nata shafin talla, ga kuma wani ɗan abu da aka sa don ya yaudari lasisin Windows wanda yake buɗe baƙar taga ya rufe duk sanda aka kunna. A portabul har hotunan bikin wasu mutane da takardunsu na tarar, ban buɗe ba, za su tafi da formatas.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Shawara biyu ce gabana, ko in bi su ɗaya-ɗaya ina cirewa ko in share komi in zuba Windows sabuwa fil. Na zaɓi sharewa, don abin da aka sa ya yaudari lasisi ba ka san me ya zo da shi a ɓoye ba, kuma ko ka cire shi ba ka da tabbacin ya fita duka.

Wani abokina mai gyara ya zo da kile ɗinsa na USB ya ce ga Windows "mara nauyi" irin wadda ake rarrabawa a WhatsApp da Telegram, wai an cire mata duk tarkace, RAM kaɗan take ci. Na ce masa na gode amma a'a. Ita wannan ba ka san wa ya haɗa ta ba, yawanci an kashe mata Defender, wato antibirus ɗin Windows, da mizajur gaba ɗaya shi ya sa take gudu, kuma yara za su zo su buɗe imel ɗinsu da Facebook a kai. In dai cirewa ne gara in ɗauko ta asali daga shafin Microsoft in cire da hannuna, in san me na taɓa me na bari.

Sai maganar Windows 10 ko 11. Tun 14 ga Oktoba 2025 Windows 10 ta daina samun mizajur na tsaro na kowa da kowa, ita kuma 11 tana son ɗan guntun tsaron nan na cikin na'ura TPM 2.0 da RAM aƙalla giga 4 da disk giga 64, kuma a ɓangaren Intel daga tsara ta 8 zuwa sama take karɓa. Portabul ta shiga, na tebur tsara ta 6 ne ba su cikin lissafi. Na san Rufus, lojisiyel ɗin da ke ɗora Windows a kile, yana iya tsallake sharaɗin, amma 11 a kan giga 4 da disk mai juyawa wahala ce kawai za a saya ma yara. Saboda haka na tebur za su zauna a 10 ta ƙarshe wato 22H2, portabul ta hau 11. Na tura ma Yaya bokal na yi masa bayani, ya amsa da cewa shi dai ƙane ka yi yadda ka ga ya fi, amma kar in ji ance an sake neman kuɗi kafin sallah.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Sauke ISO, wato fishiyen instale na Windows 10 da na 11, shi ne ya fi cin rai, kowace ta haura giga 5, da forfe na dare na ja su, rezo na zuwa na tafiya. Kile mai giga 8 ta isa ma kowace guda. A Rufus da na zo ta 11 na yi alama a wurin da ke cire tilascin shiga da kont na intanet da kuma wurin da ke hana BitLocker kulle disk da kansa, don a zaure irin namu ranar da na'ura ta nemi makullin warware disk babu wanda zai tuna inda aka aje shi.

Kafin in zuba komi na buɗe cikinsu. Ƙurar da na gani ta Abijan ce tukuna, tamu ta hunturu tana nan tafe. Na ari abin hura iska wurin mai gyaran janareto, ka dai riƙe farfelar da yatsa lokacin da kake hurawa kar ta yi ta juyawa fiye da ƙima. Man da ke tsakanin prosesa da ƙarfen sanyaya ya bushe ya zama gari, na goge na sa sabo. Lamba 2 kuma agogonta kullum komawa baya yake shekaru, ƴar batirin nan ce mai kamar kwabo CR2032 ta mutu, wurin masu gyaran agogo a kasuwa na samo. Kar ku raina ta, in kwanan wata ya karkace burawza ƙin buɗe shafuka take tana cewa ba tsaro, mutum ya yi ta zagin rezo a banza.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Yau ne babban aikin. Na zuba 10 a na tebur ba tare da na haɗa su da intanet ba, haka take barin ka ka buɗe kont na cikin gida ba tare da imel ba, kuma duk tambayoyin da take jerowa na wuri da talla da gane murya na ce a'a. Abin daɗi, da na haɗa su daga baya sai lasisi ya kama da kansa, ashe makullinsu na asali yana cikin BIOS, ɗan tsarin da ke tada na'ura kafin Windows, tun daga kamfani, wato wancan abin yaudara da aka sa musu ko buƙatarsa babu.

Kafin in taɓa komi na kunna wurin komawa baya na sistem na aje guda. Sannan na buɗe PowerShell, tagar da ake buga umarni, a matsayin administrater. Umarnin da ke jero maka duk ƙananan manhajojin da suka zo da ita shi ne

Get-AppxPackage -AllUsers | Select Name

jerin yana da tsawo kuma rabinsa sunaye ne da ba su ce maka komi ba, to a nan ne mutane ke yin ɓarna, su kwafo layi ɗaya daga intanet mai share duka a lokaci guda, washegari a nemi kalkuleta babu, a danna hoto ya ƙi buɗewa, Store ta ɓace kuma maido ta ba ƙaramin aiki ba ne. Ni takarda na ɗauka na raba gida biyu da biro.

Waɗanda suka tafi: duk na Xbox da suka yarda su fita, Solitaire, BingNews, BingWeather, WindowsMaps, MixedReality.Portal, YourPhone, People, ZuneVideo da ZuneMusic tunda VLC zai maye gurbinsu, SkypeApp wanda dama an rufe shi tun Mayun 2025, manhajar wasiƙu da kalanda da aka daina kula da ita ƙarshen 2024, da Cortana wadda a jerin ba za ka ga sunanta ba sai wata lamba Microsoft.549981C3F5F10. Kowace haka ake fidda ta

Get-AppxPackage -AllUsers *solitaire* | Remove-AppxPackage -AllUsers

Waɗanda ban taɓa ba: WindowsStore, DesktopAppInstaller don shi ne winget mai sauke lojisiyel da umarni, duk mai VCLibs ko UI.Xaml ko NET.Native a sunansa don sauran a kansu suke tsaye, kalkuleta, Photos, abin yanko hoton ekran, da Defender. Edge ma na bar shi, na dai cire shi daga gaban ido, akwai abubuwa da dama da ke jingine da WebView2 da ke tafiya da shi kuma kokawar tumɓuke shi ba ta biyan wahalarta.

Ga inda da yawa ke mantawa. Wancan umarnin daga kont ɗin da ke akwai yake cirewa, amma akwai wani kwafi da Windows ke ajewa don duk sabon kont da za a buɗe, in ba ka cire shi ba ranar da ka buɗe ma yara nasu kont sai ka ga Solitaire ta dawo tana maka murmushi. Shi ana ganinsa da Get-AppxProvisionedPackage -Online, a fidda shi da Remove-AppxProvisionedPackage. Na haɗa sunayen duka cikin ɗan fishiye guda na sa a kile, a lamba 2 da 3 gudu ɗaya ya yi ya gama.

A portabul jerin ya ɗan bambanta, akwai Clipchamp, Copilot, Teams, sabon Outlook, waɗannan ma yawancinsu danna dama kawai a menu ka ce a cire sun fita. Widjet na kashe, na maida maɓallin farawa gefen hagu don wanda ya saba da na tebur kar ya ruɗe.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Gaskiyar da masu bidiyon YouTube ba su cika faɗa ba, cire waɗannan ƙananan manhajoji bai sa lamba 1 ta tashi sama ba. Yawancinsu dama kwance suke ba su cin RAM sai an buɗe su, abin da ka samu shi ne menu mai tsabta da ƴan mega da ba za a ƙona wurin sabunta su ba. Saurin da aka samu daga formatas ya zo, da rashin antibirus biyun nan. Na buɗe Ctrl+Shift+Esc na duba shafin abubuwan da ke tashi tare da na'ura na kashe wanda ba ya da amfani, na bi da Autoruns na Sysinternals don shi yana nuna har ayyukan da aka tsara a ɓoye. Duk da haka disk yana manne a 100% mintuna na farko bayan kunnawa. Wannan ba umarni ke maganinsa ba, SSD ne, kuma maganar kuɗi ce, kuma kun ji abin da Yaya ya ce.

Juma'a, 21 ga Nuwamba

Satin nan yaƙin mega na yi. Mu nan ba faiba gare mu ba, ɗan akwatin wifi ne mai puce da forfe, kuma Windows in ka sake mata sai ta ɗauka tana Faransa. Abu na farko, a saitin rezo na kunna "Connexion limitée" a kowace na'ura, wato ka gaya mata wannan intanet ɗin da awo ake sayensa, sai ta rage jan manyan kaya da kanta. Yana aiki a wifi yana aiki a kebul. Na biyu, wurin da ake raba mizajur tsakanin na'urori na ce tsakanin na cikin gida kaɗai, ba da na duniya ba. Na uku Store ta daina sabunta kanta sai na ce. OneDrive na cire shi gaba ɗaya, babu dalilin da memuwar ɗin yaron wani zai riƙa hawa kont ɗina.

Sai ɗan abin nan na labarai da yanayin gari da ke kan sandar ƙasa ta 10, wanda linzami na gogarsa sai ya buɗe ya fara jan hotuna, danna dama ka kashe shi. Binciken menu kuma da ke zuwa intanet duk abin da ka rubuta, a rejista, rumbun saitin Windows, ake rufe shi, ƙarƙashin HKCU\Software\Policies\Microsoft\Windows\Explorer ka ƙirƙiri DisableSearchBoxSuggestions ka ba shi 1. Akwai kuma SilentInstalledAppsEnabled a ContentDeliveryManager, ka maida shi 0 don kar wasannin talla su riƙa sauka da kansu. A lura, duk abin da ya fara da HKCU na kont guda ne, sai an maimaita a kont ɗin yara.

Mizajur na tsaro dai ban kashe ba kuma ba zan kashe ba, lokaci kawai na yanka masa. Talata ta biyu ta kowane wata suke fitowa, ni kuma daren Asabar mai bi mata zan sayi forfe in saki na'urorin su sha. Na tebur na shigar da su shirin ESU, wanda ke ƙara ma 10 mizajur na tsaro har 13 ga Oktoba 2026. Hanya uku ce, ko ka biya dala 30, ko maki 1000 na Rewards, ko ka yarda saitin na'urar ya riƙa ajuwa a kont ɗinka na Microsoft wanda shi kyauta ne, kuma kont guda yana ɗaukar na'ura har 10. Ta ukun na bi, a kont ɗin administrater kaɗai.

Asabar, 29 ga Nuwamba

An zuba kayan aiki. Ban yi winget a kowace ba don hakan sauke abu ɗaya sau huɗu ne, na jawo su sau guda na aje a kile: LibreOffice, Firefox da uBlock Origin mai tare talla a kansa, VLC, 7-Zip, SumatraPDF, sai Kiwix da Wikipedia ta Hausa da wani yanki na ta Faransanci wadda ake karantawa ba intanet. uBlock ɗin nan ba don ƙyamar talla kaɗai ba ne, bidiyon tallan da ke kunna kansa mega ne yake ci.

Kont biyu ne a kowace, nawa mai kalmar sirri da na "Dalibi" wanda ba ya da ikon administrater. Wannan ɗaya tal ya fi duk cire-ciren da na yi muhimmanci, don tarkacen da na kwashe ranar farko duka ta hannun mai cikakken iko suka shigo.

Ƙanwata ce ta fara gwadawa, tana shekarar ƙarshe a jami'a nan Tawa. Tana zama ta ce Yaya wannan ai ba Word ba ne, malaminmu docx yake karɓa. Na shiga saitin LibreOffice na ce kullum ya aje a docx, takarda A4, harshen gyaran kuskure Faransanci, kuma ya riƙa aje kwafin ceto kowane minti 5. Ta ɗan yi gunaguni a kan inda aka ɓoye lambar shafi da teburin abin da ke ciki, daga baya ta yi shiru ta ci gaba da bugu. Abin da na gaya mata, in za ta kai a buga a takarda ta fidda PDF, don shafukan ba za su goce a na'urar mai sakatariya ba. Agogo na sa UTC+1 irin namu.

Talata, 2 ga Disamba

Kuran ya ɗauke ana tsakar aiki, lamba 3 ta mutu tsaye, da ta dawo sai da ta yi binciken disk kafin ta shiga. Kwafin ceton nan ya maido ma wani yaro aikinsa sai layi biyu da suka tafi. Ondiler guda gare mu ƙarami, na ɗora masa akwatin wifi da lamba 3.

A na tebur na buga powercfg /h off, yana kashe dogon barci ya share hiberfil.sys wanda ke cin kusan kashi 40 cikin 100 na girman RAM a disk, kuma saurin-tashi na tafiya tare da shi, wato in ka ce ta mutu ta mutu da gaske ba rabi ba. A BIOS na ce in wuta ta dawo su zauna a kashe sai an danna, don dawowar farko ita ce mai ƙona kaya, wani sa'in ta zo ta koma ta sake zuwa. Portabul na bar mata dogon barcinta, powercfg /batteryreport ya nuna batirin ya gaji amma yana riƙe ta har a aje aiki.

Asabar, 6 ga Disamba

Baƙon da nake jira ya zo. Wata yarinya ta kawo kile daga wata sakatariya tana kusan kuka, wai duk dosiyenta sun zama ƴan hotuna masu kibiya kuma rapor ɗin sitaj ɗinta na ciki. Birus ɗin rakursi ne, duk wanda ya taɓa yawo da kile a garin nan ya san shi. Ba ya share komi, ɓoye dosiyen gaskiya yake ya aje na ƙarya masu sunansu, kana dannawa ya shige na'urarka ya jira kile na gaba.

Defender ya cafke ɗan fishiyen tun tana sokawa. Na ce mata ƙanwata kar ki danna komi, na buɗe cmd na buga

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

E ɗin harafin kile ɗinta ne, na wani zai iya zama F. Sai ga dosiyen sun fito, wasu cikin wani dosiye mara suna, na share masu kibiyar na kwashe nata gefe na formate kile ɗin na maida mata. Daga nan na bi na'urorin duka na kashe buɗewar kile da kansa, na ce a riƙa nuna wutsiyar sunan fishiye don a bambance rapor.docx da rapor.docx.lnk ko .vbs. Na rubuta a kwali na manna a bango, duk mai kile ya ba Defender ya duba tukuna. Da Windows ɗin abokina mara nauyi na sa, da yau zauren nan ne ke raba birus ma unguwa.

Asabar, 13 ga Disamba

Wannan ban tsara shi ba amma shi ya fi min daɗi. Mushe, tsohon malamin firamare maƙwabcinmu wanda ya daɗe yana koyar da manya karatun Hausa, ya shigo da littafinsa na tatsuniyoyi da karin magana da ya tara da hannu, yana son a buga. Ya zauna ya duba kilabiye sama da ƙasa ya ce ɗana, ina ƙa mai lanƙwasa? Na ce Mushe babu ita a nan. Ya ce to ni ba zan rubuta ƙasa ba lanƙwasa ba, ku gyara.

Kilabiyenmu AZERTY ne na Faransa. Windows tana da tsarin Hausa a cikinta amma bisa QWERTY aka gina shi, in ka sa shi a kan namu sai A ta koma Q, M ta bar wurinta, yaran da ke bugun Faransanci su rikice. Dabarar gaggawa da na nuna masa, a LibreOffice ka rubuta 0199 ka danna Alt da X sai ta zama ƙ, 0253 ɓ, 0257 ɗ, 01B4 ƴ. Ya gwada sau ɗaya ya dube ni ya ce haka zan yi shafi ɗari? Yana da gaskiya.

Sai na ɗauko Microsoft Keyboard Layout Creator 1.4, tsohon kaya ne sai an kunna masa .NET 3.5 kafin ya tashi. Na loda tsarin Faransanci yadda yake ban canza ko maɓalli ɗaya ba, na je layin AltGr inda b, d, k da y duk babu komi a kansu, na ɗora ɓ ɗ ƙ ƴ, a layin Shift da AltGr na ɗora manyansu Ɓ Ɗ Ƙ Ƴ wato 0181, 018A, 0198, 01B3. Ya haɗa min ɗan fishiyen instale na zuba a duka huɗun na maida shi tsarin farko na cire tsohon. Yanzu é da ç da @ da € suna inda aka san su, mai Hausa kuma ya danne Alt na dama kawai. Na ɗiga jan fenti na farce a kan maɓallan huɗu don a gane su.

Saura haruffa, don wasu fon in suka ga ƙ sai su aro ta daga wani wuri ta fito ƙarama ko karkatacciya a tsakiyar kalma. Na zuba Charis da Andika na SIL, su an yi su ne don harsuna irin namu, Andika ma musamman don masu koyon karatu. Mushe ya zaɓi Andika girma 14. Yana bugawa da yatsa ɗaya yana cewa tun Maris na bana kundin ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, ya kamata a ce kowane biro na da wannan. Duk mai son fishiyen ya zo da kile, za mu duba kile ɗin tukuna.

Alhamis, 18 ga Disamba

Hutun ranar jamhuriya ne, zaure ba kowa, na samu na yi abin da ya rage. Wani ɗan unguwa da ke aiki Yamai ya ji labarin zauren ya aiko da SSD guda na giga 240 a motar fasinja, na sa ma lamba 3, yanzu kafin ka gyara zaman kujera ta tashi, disk ɗin ya sauka daga 100% ɗin nan. Tsohon disk ɗinta na sa shi a akwatin USB ya zama rumbu.

Na share fishiyoyin wucin gadi, na gudanar da DISM /Online /Cleanup-Image /StartComponentCleanup don ya kwashe ragowar tsoffin mizajur, sannan na ɗauki hoton kowace na'ura, wato cikakken kwafin disk ɗinta, da Clonezilla na aje a rumbun, kowace da nata, ban kwafa ɗaya a kan sauran ba don kowace da lasisinta da sunanta. Ranar da wata ta rikice maido hoto ne kawai ba sake aikin wata guda ba.

Lamba 1 na raba mata disk na sa Linux Mint 22.2 na Xfce, wani sistem na kyauta, a gefen Windows, don Oktoba 2026 ba nisa gare shi ba kuma jerin Mint 22 yana da tallafi har 2029. A kan giga 4 ɗin ta fi sakewa sosai, LibreOffice da Firefox da VLC duk iri ɗaya ne da waɗanda yara suka saba. Abin da bai zauna ba tukuna biyu ne, tsarin kilabiyen Mushe sai na sake gina shi a can don fishiyen Windows ba ya aiki a Linux, sai tsohuwar imprimanti da Baba ya ce zai ba mu wadda ban gwada ta a kai ba. Bayan hutun ƙarshen shekara zan sa Mint ta zama ita ke fara tashi a lamba 1 in ga ko yaran za su guje ta su yi layi a sauran. Yadin rufe na'urori saboda ƙura na wurin tela, ya ce Litinin, RAM na lamba 2 kuma DDR4 ne, an ce in tambaya Konni.